Rumbun da Kawu Ya Hana a Buɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa na Gwandu ana cikin girbin geron bana, shekarar 1998. Shi ya riƙe ni tun ina yaro, shi ya koya mini saye da sayar da fata, sana'ar da nake ci da ita a Kalgo har yau. Na ga yadda ake saurin mantawa da mutum da zarar an naɗe tabarmin makoki, shi ya sa na ce bari in ajiye abin da na sani game da shi.

Mutane sun zo. Mahautan Gwandu sun zo, 'yan fata daga Jega da Kalgo sun zo, Fulani sun sauko daga rugage sun jingine sandunansu a bakin zaure. Wani tsohon mahauci ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Shekara da shekaru muna ciniki, bai taɓa cewa fatata na da yanka ba sai in da yankan." Wani Bafillace da ke kawo masa ƙiraga, wato fatun shanu, tun kafin a haife ni, shi sai girgiza kai yake yi.

Amma na lura da wani abu. Duk wanda ya shafa fatiha ya miƙe, sai ya saci kallon bayan katanga, inda kan wani ƙaramin rumbu ya leƙo. Babu wanda ya yi maganarsa a fili. Daga cikin gida ne na ji wata tsohuwa tana tambayar Inna, matar Kawu, da ƙaramar murya, "To rumbunga fa? Mi za a yi da shi?" Inna ta ce ita ba ta sani ba. Da la'asar liman ya ja ni gefe ya ce, "Kai ne babba yanzu. Jibi sadakar uku, mata na son su san da wane gero za su daka gumba." Na ce ya ba ni zuwa jibin.

Rumbun nan ba na Kawu ba ne. Na ɗansa ne, ɗa namiji ɗaya tilo da Allah ya ba shi, taubashina. Tunda shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". A kakar 1980 ya girbe gayaunarsa, 'yar gonarsa ta kansa da ke hanyar Malisa, ya jera dammunan a wannan rumbu da ya gina da hannunsa, ya liƙe bakin da laka. Matarsa na da tsohon ciki. Ya ce geron suna ne, ba mai taɓawa sai ya dawo daga Kano.

Kafin in kai ga Kano, sai in faɗi irin mutumin da Kawu yake a da, don yaran yanzu tsoho mai firgita kawai suka sani. Kawu ƙato ne mai dariya. In ya ɗaga fatar jar akuya ya kara ta da rana, zai gaya maka ko mahaucin da ya feɗe ta yana cikin fushi a ranar. Ba ya sayen fata sai ya sansana ta. Yana da doka ɗaya da ya fi riƙewa a kan kowace: ba a barin kaya su kaɗai. In mutum biyu suka yi tafiya, ɗaya ya je wajen dillali, ɗaya ya zauna a kan kaya, ko da salla ce a yi ta bi da bi. Ya taɓa sa ni na wuni da yunwa a tashar Gusau saboda na bar ɗaurin fata na je sayen rake. Da ya huce ya saya mini raken da kansa, ya ce, "Sha. Amma ka tuna, ɗan kasuwa ba shi tashi daga bisa kayanshi."

A ƙarshen shekarar 1980 muka cika mota da fata muka nufi Kano mu uku, ni da Kawu da Taubashi. Muka sauke a gidan fatomanmu, mai saukar da 'yan kasuwa baƙi, a Fagge, ta wajen 'Yan Awaki. Fatoman ya tarbe mu fuska ba walwala. Ya ce gari ba lafiya, mutanen wani mai wa'azi da ya kafa sansani a unguwar sun kara da 'yan sanda, kuma abin bai lafa ba. Kawu ya ce, "Mu baƙi na. Fata munka kawo, ba mu da abokin faɗa."

Da safe za mu je wajen masu awon fata a Bompai mu ji farashi. Taubashi ya shimfiɗa tabarma a kan ɗaurin fata ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Bawana, tafi ka yi wa ubangidanka yawon rana. In za ka dawo ka riƙo mini gurasa, kada ka cinye ta bisa hanya kamar yadda ka saba."

Na ce, "Ubangidan da ke gadin fatar akuya? Allah ya sawwaƙe."

Kawu ya juyo daga bakin zaure ya ce da shi, "Ko mi ka ji, kada ka tashi daga bisa kayanga sai mun dawo."

Ya ce, "To, Baba."

Ba mu kai ga yin ciniki ba muka ga mutane na gudu, mata da goyo, maza ba takalmi. Hayaƙi ya tashi ta wajen da muka baro. Wani mai keke ya ce mana mutanen nan sun fito da adduna da kwari da baka, duk wanda suka tarar sai su sare shi, ba sa tambayar ko wane ne. Kawu ya nufi wajen da gudu, ni ina binsa. Mun yi kusa da gadar jirgi aka tare mu, aka ce ba mai wucewa. Na ga wani mutum a kwance a gefen titi, hularsa na kansa, buhun da ya ɗauko ya fashe, gyaɗa ta watse. Sai da na rungume Kawu ta baya, wasu mutum biyu suka taya ni, sannan muka iya janye shi.

Wani bawan Allah da ba mu taɓa gani ba ya buɗe mana zaurensa. Kwanaki muka yi a ciki tare da wasu baƙi, muna jin rediyo tana faɗin abin da ke faruwa a bayan katangarmu. Daga baya soja suka shigo da manyan bindigogi. In aka harba, sai ƙasa ta motsa, ƙura ta zubo daga azara. Kowane harbi sai Kawu ya ce, "Ya tashi. Ai yaro na mai hankali, ya tashi." Ni kuwa na san ba zai tashi ba, don na san wanda ya rene mu.

Da aka buɗe hanya muka je. Rabin gidan fatoma ya ƙone. Fatunmu na nan a inda muka sauke su, na sama sun ƙone sun ƙanƙance, warinsu ya cika unguwa. Taubashi ba ya nan. Mun samo fatoman a gidan surukansa a cikin birni. Ya ce da za su gudu da iyalinsa ya kira yaron har ya ja hannunsa, shi kuwa ya ce babansa ya ce kada ya tashi. Daga nan babu wanda ya sake ganinsa. Mun duba asibiti. Mun duba inda aka tara gawawwaki, muna toshe hanci da bakin riga. Mun bi wuraren da aka tsare mutane, inda ake ɗaga wa kowa riga ana neman wata alama a ciki, mai laifi da marar laifi duk a ɗaki ɗaya. An nuna mana wani wuri a bayan gari aka ce nan aka binne mutane da yawa a rami ɗaya. Kawu ya tsaya ya dubi wurin, ya ce, "Ban ga gawa ba." Da wannan magana ya dawo Gwandu, kuma da ita ya zauna shekara goma sha takwas.

Bai sake taɓa fata ba. Ya bar mini abokan cinikinsa duka, ya koma noma. In Babbar Salla ta zo aka fara babbakar kai da ƙafa, warin gashi ya tashi, sai ya ɗauki butarsa ya tafi gona, ba a ganinsa sai magariba. Ya sayi ƙaramar rediyo yana rataye ta a kafaɗa ko a bakin kunya yake. In ya ji an ambaci Kano sai ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. In baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, kafin a amsa Kawu ya riga ya miƙe, ya leƙa, sannan ya dawo ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa ƙashi.

Matar Taubashi ta haifi namiji bayan dawowarmu. Tsofaffin mata suka fara kiransa Audi, kamar yadda ake kiran yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa. Kawu ya shiga cikin gida, abin da ba ya yi in mata sun taru, ya ce, "Wa ya ce muku uban yaronga ya mutu? Wadda ta gani da idonta ta faɗa mini." Ba a sake kiran sunan ba. Geron suna kuwa daga rumbunsa ya fitar. Na ɗansa bai bari an taɓa ba, ya ce mai shi ya ce sai ya dawo.

Kowace damina Kawu ke noma gayaunar nan kafin ya taɓa tasa gonar. In kaka ta yi, sai ya hau rumbun shi kaɗai, ya fito da tsofaffin dammuna ya zuba sababbi, dami a madadin dami, don kada mai shi ya dawo ya tarar da gero ya yi ƙwari. Tsohon geron a ci a gida, tunda musaya ce aka yi. Ya sake liƙe bakin da laka, ya shafe da tafin hannunsa.

A kan rumbun nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Shekarar fari ce, wadda ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai. Gayauna ba ta ba da komai ba, gandu ma haka. Na zo daga Kalgo na tarar Inna na dafa tafasa da ɗan ƙanzo, yara sun rame. Ni mutum ne mai lissafi. Na ga rumbu cike, na ga gida da yunwa. Na ce, "Kawu, a buɗe rumbun nan. In kaka ta yi kyau baɗi a mayar."

Ya ce, "In ba ta yi ba fa? In ya iso gobe in ce mishi mi?"

Na ce, "Kawu, shekara huɗu. Wanda ke da rai zai yi shekara huɗu bai aiko ko da saƙo ba? Wanda ya mutu ba ya cin gero, yaran nan su ke ci."

Inna ta saki muciya. Kawu ya dube ni ya ce, "Tashi ka koma Kalgo." Washegari ya kai kekensa da jakinsa da babbar rigarsa ta salla kasuwa, ya sayo hatsi. Buhun masara da na aiko ya karɓa ya ba Inna, amma bai yi mini magana ba har ruwa ya sake sauka. Har yau ina ganin a lissafi ni ke da gaskiya. Sai dai shi ba lissafin hatsi yake yi ba. Ya san ranar da aka ci geron nan ba tare da musaya ba, ranar ya yarda cewa maganarsa ta ƙarshe ce ta kashe ɗansa.

Duk da haka bai zalunci kowa da jiransa ba. A shekarar nan iyayen matar Taubashi suka fara zuwa suna kewaye-kewaye, sun kasa fitowa su ce 'yarsu yarinya ce, ba za ta tsufa a ɗakin jira ba. Kawu ya riga su. Ya sa ta shirya, ya raka ta gaban alƙali da kansa, ya ba da shaidar cewa mijin ya ɓace, an nema ba a samu ba. Alƙali ya ce, "Wato kana ganin ya rasu?" Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, ɓata na ce. Ku sallame ta bisa ɓata." Da ta gama idda ta samu miji a Masama, shi ya yi mata gara kamar 'yar cikinsa. Da za ta fita tana kuka ya ce, "Tafi, ɗiyata. Jiranga nawa na, ba naki ba."

Ni kuwa ban daina zuwa Kano ba, don can kasuwar fata take. Wannan ya hana Kawu barci. Duk lokacin da rediyo ta ce an yi tashin hankali a wani gari, ko Maiduguri ne ko Yola, sai in gan shi ya sauko daga motar kasuwa a Kalgo, rediyo a kafaɗa, ya zo ya zauna a kan benci a ƙofar sitona. Ba ya cewa kada in tafi. Zama kawai yake yi yana kallon yara na loda mota. Direbana har ya saba, in ya hango shi sai ya ce, "Alhaji, yau ma an kawo mana shingen hanya." Wani lokaci in fasa tafiyar, wani lokaci in tafi. In zan tafi sai ya kama ƙofar mota ya ce, "Ka ji ko? In ka ji hayaniya, bar kayan ka gudu. Fata ta, akuya na haihuwa kullum." Haka yake gaya wa kowane ɗan kasuwa da ya zo yi masa sallama, har yaran tasha suka riƙa kwaikwayonsa. Wanda bai san shi a da ba ba zai gane nauyin maganar a bakinsa ba.

Ranar ta zo kuwa. A farkon shekarun casa'in ina Kano da mota cike, wani rikicin ya ɓarke. Na ji ihu daga nesa, na ga masu shaguna na jan ƙofofi. Jikina ya so ya zauna a kan kaya, don a kan haka aka gina shi. Sai na ji muryar Kawu. Na ce da direba da yaron mota su sauko, muka bi lungu muka bar komai. Kayan ba mu sake ganinsu ba, kuma sai da na yi shekara biyu kafin in miƙe. Da na iso Kalgo na tarar da shi a kan bencin nan, an ce tun da labari ya fito bai koma Gwandu ba. Ya miƙe, ya shafa kafaɗuna da fuskata kamar mai duba fata.

Ya ce, "Ina kaya?"

Na ce, "Na baro su."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka, Kawu."

Ya ce, "Madalla. Madalla. Ka ji magana." Ya koma ya zauna. Can sai ya ce, ba da ni yake ba, "Shi ma ya ji magana."

Ban taɓa jin ya kusanci faɗin abin kamar ranar ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da na je duba shi ana gobe zai cika, ya sa Inna ta fita, ya ce in matso. Ya tambaye ni ko an yanke geron gayauna. Na ce an yanke, yana shanya. Ya ce, "Bana ba ni iya hawa." Na ce zan hau in yi musayar. Ya girgiza kai.

Ya ce, "In an zo sadakata, ka buɗe rumbun. A daka gumba da geronshi. Ƙwarya biyu za a fitar, ka gaya ma liman ta mutum biyu ta. Ni ban iya zama in karɓi gaisuwarshi ba, kai ka karɓa."

Na ce, "To, Kawu."

Ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi. Har na yunƙura zan tashi ya riƙo bakin rigata.

Ya ce, "Amma ka bar dami guda."

Ranar sadakar uku da hantsi na jingina tsani na hau. Sawun yatsun Kawu na nan a kan lakar bara. Na fasa ta da ƙota, na riƙa miƙo dammuna, ɗan Taubashi, wanda yanzu ya zama saurayi, yana karɓa. Gidan ya yi tsit, sai kukan Inna. Uwar yaron ta zo daga Masama, ita ta fara saka taɓarya a turmi. Da aka fito da ƙwarya biyu aka ajiye a gaban liman, na faɗa masa saƙon. Ya yi addu'a ya ambaci Kawu, sannan ya ambaci sunan ɗansa a cikin mamata, karo na farko da aka yi haka a Gwandu. Mutanen da suka yi mini gaisuwa shekaranjiya suka sake layi suka yi mini wata. Tsohon mahaucin nan ya ce, "Ashe biyu munka zo yi."

Da jama'a suka watse, yaron ya ga ina kwaɓa laka. Ya leƙa cikin rumbun ya ce, "Baba, an manta guda."

Na ce, "Ba a manta ba. Je ka ɗauko mini sabo daga shanya."

Na fito da tsohon na saka sabon, na liƙe bakin, na shafe da tafin hannuna. Ni na ga ramin nan na bayan Kano da idona, kuma na san abin da na yi imani da shi tun ranar. Amma jiya wani ya yi sallama a ƙofar sitona da wata irin murya, kafin in ankara na riga na miƙe tsaye.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da ɗansa a inda ba a tare hanya. Mu da muka rage, Allah ya tsare mu da sake ganin irin wannan rana. Amin.